Inbata ko taransifoman gida? Ga mai son ƙera kayan ado da tarkacen ƙarfe

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya wane injin walda ya kamata ka saya. Tsakanin ƙaramin injin walda na inbata da taransifoman da ake naɗawa a gida, tunda kayan ado za ka riƙa haɗawa da tarkacen ƙarfe, inbata za ka saya.

Dalilin yana cikin ƙarfen da zai riƙa shigowa hannunka. Mai yin ƙofa da taga sabon ƙarfe yake samu, kaurinsa ɗaya, ya saita inji da safe ya wuni bai sake taɓa shi ba. Kai kuwa yanzu kacar babur ce a gabanka, anjima boris, anjima tsohon cokali, can kuma guntun sifirin ɗin mota mai kauri, kowanne da wutar da yake iya ɗauka. Aikin ma yawancinsa ɗige-ɗige ne: ka ɗosa nan, ka ɗosa can, ka ja baya ka ƙare wa siffar kallo, in ba ta zauna ba ka ɓalle ka sake. Inbata yana da maɓallin murɗawa, kana rage wuta kaɗan-kaɗan yadda kake so. Sandar walda mai milimita 2.5, wadda muke kira geji 12, tana ci lafiya tsakanin amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke bi ta sanda) 60 zuwa 90, kuma a nan yawancin aikinka zai tsaya. Wutar DC yake fitarwa, wato mai bin hanya ɗaya irin ta batir, shi ya sa ba ta rawa, tartsatsi kaɗan, sanda ba ta yawan mannewa, siririn ƙarfe kuma ba ya hujewa muddin hannunka ya nutsu.

Nawa ƙarami ne, da ɗamara ake rataya shi a kafaɗa. Bara wani mai gidan abinci a Yelwa ya ce yana son bishiyar dabino ta ƙarfe a ƙofar shagonsa. Na yi gangar jikin da tsohon bututu, na naɗe shi da kaca tun daga ƙasa har sama, sai ga kaushin jikin dabino ya fito sak. Ganyayen da wayoyin ƙafar keke na yi su, na jera ɗaya bayan ɗaya a jikin siririn rodi, nonon dabinon kuma tarin ƙananan noti ne da na tsinto wajen masu gyaran babur. Bishiyar ta fi ƙofar shagona tsayi, don haka dole a can aka ɗora kan. Na goya injin a babur, na hau tsani da shi a kafaɗa. Da magariba ta gabato wutar unguwa ta yi ƙasa har ƙwan fitila ya koma ja, amma injin nan bai fasa ci ba, wayoyin keken nan kuma ko ɗaya bai narke ya faɗi ba. Ana kiran isha muka share wurin. Har yau in na bi ta nan sai na ga yara sun tsaya suna shafa kacar, kuma wallahi raina yana yin fari.

Taransifoma kam ba zan hana shi haƙƙinsa ba: yana da jimiri, in ya ƙone mai naɗi zai tayar da shi, kuma ga mai get da tankin ruwa yana da amfani. Amma sai mutum biyu sun kama shi, saitinsa tsalle yake daga kaɗan zuwa da yawa, kana ɗosa sanda fitilun maƙwabta su dushe. A aikinka huda ƙarfe zai yi ta yi maka.

Inbata yana da maƙiyi ɗaya, ƙura. Fankar da ke sanyaya shi tana zuƙo ƙurar hunturu da garin ƙarfen injin gurza ta zuba a kan allon da ke ciki, garin ƙarfe kuwa yana haɗa wuta. Ka ajiye shi nesa da inda kake gurza, ka riƙa hure shi da iska bayan ka cire shi daga wuta, ka kiyaye shi daga ruwan damina. Ƙaramin janareta mai cin gaurayen mai ba zai ɗauke shi ba, ka nemi wanda ya kai kVA 5 ko kusa da haka.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa, ko a nan Bauchi za ka saya ko Kano ko Jos za ka aika. Za a nuna maka inji ɗan mitsitsi an manna masa lamba 400, a ce amfiyar da yake fitarwa kenan. Lissafi bai yarda ba. Soket ɗin gida amfiya 13 yake ɗauka, a wuta 220 abin da zai bayar bai kai wat 3,000 ba, wannan kuwa a bakin sanda amfiya 100 da ɗoriya ne kawai. Don haka kada lamba ta ruɗe ka, mai 160 ko 200 na gaskiya ya ishe ka har da ragi. Ka je da sandarka geji 10, wadda ta fi geji 12 kauri, da guntun ƙarfenka, a kunna a gabanka, ka ƙona sanda da yawa a jere ka ga ko fitilar da ke nuna injin ya yi zafi za ta kama. Ka kankare bakin kebur da wuƙa, in fari ya bayyana a ƙasan ja, alminiyam ne aka shafa wa launin jan ƙarfe. Wanda ya ƙi a gwada, ko ya ƙi rubuta maka rasit da garanti, ka bar masa kayansa.

Wajen 'yan gwangwan ma haka. Da kilo suke sayarwa, ka tsaya a kan sikeli da idonka. Ka sa maganaɗisu a aljihu, abin da bai kama ba, ba lalle ne sandar da ka saba ta haɗa shi da baƙin ƙarfe ba. Kada arha ta sa ka karɓi kwangiri, murfin kwalbati ko wayar wuta. Layin dogon da ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964 har yanzu kayan gwamnati ne, ko da jirgi ba ya bi, kuma wanda aka kama da guntunsa a shago shi zai yi bayani. Tankin mai, shakazoba da duk abin da yake rufe ruf, kada wuta ta kusance su, fashewa suke yi. Bututun ruwa mai farin shafi kuma hayaƙinsa yana sa zazzaɓi, ka gurje shafin tukuna, ka yi aikin a fili.

Kuɗin da ya rage, ka sayi injin gurza mai faifai inci 4 da rabi, safar hannu ta fata, da garkuwar fuska ta walda mai baƙin gilashi. Tabarau na rana ba ya tare wannan hasken. In ka samo injin ka turo hotonsa da na kebur ɗin nan cikin zaure mu duba maka kafin ka biya.