Hattara da mai sayar da mahaɗin cok na jabu a Katsina

Naira dubu 85 na tura wa wannan bawan Allah. Dubu 85! Har yanzu in na tuna yadda ya dafa kafaɗata yana cewa "Injiniya, ai kai ba sai an yi maka bayani ba", sai raina ya ƙara ɓaci.

Ga wanda bai san abin ba, ɗan mahaɗi ne na roba, namiji da mace, da ake sawa tsakanin wayar wuta da cok ɗin dogon ƙwai, wato ɗan akwatin nan da ke daidaita wutar da ke shiga ƙwan. In cok ya ƙone sai ka zare shi, layin wuta da na nutural su rabu lokaci guda, ka canza cok ba tare da ka jefa gini duka cikin duhu ba. A Amurka tun 2008 dokar wayarin ɗinsu ta wajabta shi a irin fitilun ofisoshi da shaguna. Kaya ne mai amfani, shi ya sa na saya, kada wani ya zo yana ce mini kwaɗayin araha ne.

Kuma na duba! A wajen Ƙofar Ƙaura muka haɗu, ya miƙo mini samfur, na ga 600V a jiki, na cusa waya na fizga da ƙarfi ba ta fita ba. Wane mai wayarin ne zai ƙi? "Ai kai ba sai an yi maka bayani ba." Nan take na tura, dubu 85, a gabansa alat ya shiga.

Sai ga mai makarantar Islamiyyar da na yi wa aiki da mahaɗan yana kirana wai aji yana warin ƙonanniyar roba. Af, kwalin ma ba mai kayan ne ya kawo ba, direban tasha ya ba wa, wai daga Kano, tun kafin ya daina ɗaukar wayata. Na hau tsani na tarar ƙwai na ta ƙyaftawa, mahaɗi ya narke ya yi baƙi. Ƙwan ƙafa 4 mai wat 36, wanda ko rabin amfiya ba ya ja! Da na fasa ɗaya, ashe ƙarfe ne siriri aka shafa wa kalar tagulla, ba ya kama waya, sai tartsatsi a ciki. Na kara maganaɗisu ya manne caraf.

A gaban yarana Malam ya ce, "Injiniya, anya ba daga aikin ba ne?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da kuɗina na cire su duka, ban da dubu 85 ɗin.

Yanzu mai kayan ya toshe ni a WhatsApp. Ina da rasit ɗin banki, ina da saƙon muryarsa yana rantsuwa, da hoton wanda ya narke. Zan ɗora su yau da daddare in sha Allahu.

Kada ku biya kan samfur. Ku buɗe kwalin, ku gwada da maganaɗisu.