Sharhi kan UNI-T UT353: auna ƙarar lasifikokin falo kafin kunne ya ji jiki

Kunne ba ya iya yi wa kansa alƙalanci a kan ƙara. Idan aka ɗan jima ana sauraron kiɗa da ƙarfi sai ya saba, abin da ya yi yawa a farkon waƙa ya koma kamar daidai, hannu ya sake kaiwa ga rimot. Shi ya sa duk mai manyan lasifikoki da wufa (lasifikar sauti mai kauri) a falonsa yake bukatar abin da zai nuna masa lamba a rubuce. UT353, ƙaramar na'urar auna ƙara ta kamfanin Uni-Trend da ke Dongguan a ƙasar Sin, tana cikin mafiya araha da za a iya dogara da su. Ta cancanci kuɗinta, amma aiki ɗaya ta iya sosai, kuma wanda bai san iyakarta ba za ta iya kwantar masa da hankali a inda bai kamata ba.

Girmanta bai wuce tafin hannu ba. Batir uku ƙanana, samfurin AAA, take ci. Tana auna ƙarfin ƙara da awon desibel (dB), daga 30 zuwa 130, tana nuna har kashi ɗaya cikin goma na desibel, kuma kamfanin ya ce kuskurenta bai wuce desibel 1.5 sama ko ƙasa ba. Tana jin sauti daga 31.5 Hz zuwa 8,000 Hz; Hz awon kauri ko sirantar sauti ne, ƙaramar lamba mai kauri, babba siriri. Akwai zaɓin FAST, mai bin sauti cikin kashi ɗaya bisa takwas na daƙiƙa, da SLOW mai ɗaukar daƙiƙa guda. Akwai MAX da MIN masu riƙe lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta, da HOLD mai tsayar da abin da ke kan allo. Allon yana da fitila, ga kuma soson da ake rufe kan makirfo da shi. Robar jikinta ba ta da kauri, ba irin kayan da za a bari ya faɗi a kan tayil ba ne. Akwai 'yar'uwarta UT353BT mai Bluetooth, wadda ke tura lambobin zuwa waya.

Ma'auni ɗaya tak take da shi, wanda ake kira A, shi ya sa lambobinta suke fitowa da sunan dBA. Wannan ma'auni yana kwaikwayon yadda kunnen mutum ke ji: yana ba tsakiyar sauti, inda murya take, cikakken nauyi, ya rage wa sauti mai kauri nauyi sosai. Kusan duk ƙa'idojin kare kunne a duniya da dBA aka rubuta su, don haka a wannan fanni UT353 tana magana da harshen da ya dace.

Sai dai lambar ita kaɗai ba ta faɗi komai ba sai an haɗa ta da lokaci. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa iyaka a dBA 85 na tsawon awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu. A 88 awa 4 ke nan, a 91 awa 2, a 94 awa ɗaya, a 97 minti 30, a 100 minti 15. Idan aka kai 106, abin da ya rage bai cika minti 4 ba. Dalili shi ne desibel 3 ninki biyu ne na ƙarfin da ke shiga kunne, alhali kunne da ƙyar yake lura da wannan ƙari; sai an ƙara kusan desibel 10 mutum zai ce ƙarar ta ninka, a lokacin kuwa ƙarfin ya ninka sau goma. A wannan tazara tsakanin abin da kunne ke ji da abin da yake sha ake yin ɓarnar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi NIOSH tsanani game da sauraron nishaɗi: desibel 80 na awa 40 a mako ga manya, 75 ga yara. Ko a gidajen casu da wuraren taro, ƙa'idar da ta fitar a 2022 ta tsayar da matsakaicin ƙara a desibel 100 cikin kowane minti 15.

Lissafin kamar kuɗin cefane yake: abin da aka ba ka na yini guda ne, duk inda ka kashe daga cikinsa ya fita. Fim na awa 2 a dBA 88 ya cinye rabi. Ka ɗora minti 30 na kiɗa a 97, wannan shi kaɗai kason yini ne cur, ka tashi da kashi 150 cikin ɗari. Wanda kuwa ya yini gaban injin niƙa, ko wurin walda, ko kusa da janareta, ya shigo gida da ragowar da ba ta taka kara ta karya ba, falon ne zai ƙarasa abin da wurin aiki ya fara.

Wajen aunawa, yawancin kuskure daga hannun mai riƙewa yake fitowa. A kujerar da ake zama za a auna, makirfon daidai tsayin kunnen mutum yana zaune. Manna na'urar a bakin lasifika ba ya nuna komai game da kunnenka, domin a buɗaɗɗen fili ƙara tana raguwa da desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka. A cikin ɗaki raguwar ba ta kai haka ba saboda bango da tayil suna mayar da sauti. Ka miƙa hannu ka nisanta ta da ƙirjinka, ko ka ɗora ta a kan wani abu mai tsayi ka koma gefe, don jikin mutum yana mayar da sauti cikin makirfo. Kada ta zauna dab da bango ko a lungu. Soson ya kasance a kanta ko da a cikin ɗaki, domin iskar fanka kaɗai tana iya sa lambobi su yi ta tsalle, kuma lokacin hunturu soson yana tare ƙurar da ke toshe ramin makirfo.

Kafin ka kunna komai, auna shirun ɗakin. Idan kiɗan ya ɗara wannan shiru da desibel 10 ko fiye, ka manta da shi. Idan tazarar desibel 3 ce kawai, to rabin abin da kake gani ba na lasifika ba ne, na janareta ne ko na titi, sai ka cire 3 daga lambar. Ƙasa da haka awon bai da amfani.

Sannan ka sa SLOW, ka zaɓi waƙar da ka saba ji da ƙarfi, ka kai lambar murya inda ka saba kaiwa da gaske, ba inda kake ganin ya dace ba. Rubuta abin da allo ya nuna duk bayan daƙiƙa 10 na tsawon minti 3, sannan ka maimaita da MAX a kunne. Idan kana son gwada iyakar ƙarfin amfilifaya, toshe kunnuwanka da soson toshe kunne na masu aikin masana'anta, ka fitar da yara daga ɗakin. Auduga ba ta tare abin a zo a gani.

A nan babban rauninta na farko yake bayyana: ba ta lissafa matsakaicin ƙarfi na tsawon lokaci, abin da masana ke rubutawa LAeq, wanda kuma shi ne ainihin lambar da ake gwadawa da iyakokin da aka ambata. Tara lambobinka ka raba ba zai ba da amsar gaskiya ba, domin desibel ba a haɗa shi kamar kuɗi. Rabin lokaci a 80 da rabi a 100 ba 90 ba ne, kusan 97 ne, tun da sashen mai ƙarfi shi ke danne lissafin. Dabara mai sauƙi ita ce ka ɗauki manyan lambobin da suka fi yawan maimaituwa a matsayin matsakaicinka, ka ƙara desibel 2 saboda kuskuren na'urar. Ƙarin ba tsoro ba ne: desibel 1.5 sama da 1.5 ƙasa tazarar desibel 3 ce, watau bambancin awa ɗaya da awa biyu.

Rauni na biyu shi ne wanda ya fi damun masu wufa. Ma'aunin A yana zabtare kusan desibel 19 a 100 Hz, 26 a 63 Hz, 30 a 50 Hz, sannan 39 a 31.5 Hz. Wufar da ke girgiza tagogi da desibel 110 a 50 Hz za ta fito a allo kamar 80. Ta fuskar lafiyar kunne wannan ragi yana da hujja, don sauti mai kauri bai kai na tsakiya ɓarna ba a ƙarfi ɗaya, ko da yake idan ya yi tsanani shi ma ba ya barin kunne lafiya. Amma wajen saita kayan sauti tarko ne. Amfilifayar sinimar gida tana fitar da ƙarar gwaji da ake daidaita kowace lasifika da ita a desibel 75. Ga lasifikokin gaba da na baya UT353 za ta yi aikin, domin ƙarar gwajinsu a tsakiyar sauti take, inda ma'aunin A da na C, wanda ba ya rage wa sauti mai kauri nauyi sosai, suka kusa zama ɗaya. Ga wufa kuwa lambar za ta yi ƙasa da gaskiya da desibel 20 zuwa 30. Wanda bai sani ba sai ya yi ta murɗa maɓalli yana neman 75, har wufar ta fara bugawa don ta kai ƙarshen motsinta ko wayar cikinta ta ƙone. Kada a saita wufa da wannan na'ura, ko kusa.

Na uku: MAX ba ƙololuwar sauti ba ce. Ko a FAST, na'urar tana baje sauti a kan kashi ɗaya bisa takwas na daƙiƙa, alhali bugun ganga ko harbin bindiga a fim ya zo ya wuce kafin nan. Ƙololuwar gaskiya takan ɗara matsakaici da desibel 10 zuwa 20, gwargwadon yadda aka haɗa waƙar. Yana da kyau mai sinimar gida ya san cewa a amfilifayar da aka saita daidai, lambar murya 0 dB tana nufin matakin gidan sinima, inda kowace lasifika ke iya kaiwa desibel 105, tashar wufa kuma 115. A ƙaramin falo wannan ya yi yawa matuƙa, kuma shi ya sa masu irin kayan da dama suke kallo a desibel 10 zuwa 20 ƙasa da sifiri.

Wani abin da ake yawan yi da ita ba daidai ba shi ne cusa makirfon cikin abin sauraro na kunne. Lambar da za ta fito ba ta da ma'ana, domin irin wannan awo yana bukatar kunnen roba na ɗakin gwaji mai kwaikwayon ramin kunnen mutum. Haka kuma awonta ba hujja ba ne a rigimar maƙwabta ko gaban hukuma. Wannan aikin na'urori ne masu shaidar cika ƙa'idar IEC 61672, waɗanda ake tantancewa da abin gwaji mai fitar da desibel 94 a 1,000 Hz. Abin gwajin kansa yakan fi UT353 tsada.

Mai iPhone ya fara gwada manhajar NIOSH Sound Level Meter. Kyauta ce, tana lissafa LAeq da kason yini da kanta, abin da UT353 ba ta yi. Ba a yi ta don Android ba, saboda makirfon wayoyin Android sun sha bamban da juna, wasu kuma suna danne sauti idan ya yi ƙarfi, sai manhaja ta tsaya a wata lamba komai ƙarar da aka ƙara. Ga mai Android, UT353 ta fi kowace manhajar da ba a tantance ba aminci nesa ba kusa ba. Wanda ke son ma'aunin C ya duba UT352 ta kamfanin ɗaya. Mai niyyar saita wufa da gyara sautin ɗaki da gaske kuwa, makirfon UMIK-1 na miniDSP da manhajar kwamfuta ta REW su ne kayan aikinsa, don kowane makirfo yana zuwa da fayil ɗin gyaran kuskurensa.

Amfanin da ya fi dacewa da ita na yamma ɗaya ne. Ka nemo lambar murya da ke ba da dBA 80 a kujerarka, da wadda ke ba da 85, da ta 90, ka rubuta a takarda ka manna a jikin amfilifaya. Ka yi wa kowace hanyar sauti nata awon, domin waya ta Bluetooth da dikoda da filashi ba sa fitar da ƙarfi ɗaya a lamba ɗaya. Amfilifayoyi da yawa suna da wurin sa iyakar murya a cikin saitinsu. Sa ta a lambar da ke ba da dBA 85 ɗin, musamman a gidan da yara ke riƙe rimot. Idan za ka ajiye na'urar, cire batiran, don zafi yana sa su yi yoyo su ci ƙarafan ciki.

Akwai alamun da ba sa jiran na'ura. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, ƙarar ta kai wajen 85. Idan bayan an kashe kiɗa kunne yana ƙugi ko yana "shuu", ko magana ta koma kamar daga bayan ƙofa take fitowa, ƙwayoyin gashin da ke can cikin kunne sun sha wuya. Sau da yawa jin yakan dawo cikin kwana ɗaya ko biyu, amma ƙwayar da ta mutu ba ta sake tsirowa, kuma ɓarnar takan fara ne a wajajen 4,000 Hz, inda mutum ba ya saurin ganewa: yana jin ana magana, kalmomin ne ke kuɓuce masa a cikin taro. Ƙugin da ya wuce kwana biyu yana bukatar likitan kunne, hanci da maƙogwaro, jin da ya ɗauke farat ɗaya kuwa a ranar ake zuwa asibiti, ba a ɗiga mai ko wani magani a jira. Asibitocin koyarwa da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna suna yin gwajin ji, kuma a nisanci ƙara mai ƙarfi na aƙalla awa 14 kafin a je, don kada gajiyar kunne ta wucin gadi ta ɓata sakamakon.