Hattara da mai tallan yawon Andalus a jirgin ƙasa: tikitinsa na mutuwa bayan ka gama biya

Na daɗe ina jan ƙafa a kan rubuta wannan, don babu mai son ya fito bainar jama'a ya ce an yi masa wayo. Sai shekaranjiya na sake cin karo da tallan a Facebook. Hotunan su ne dai, tsarin tafiyar shi ne dai, suna kawai aka canza, ga mutane kuma suna ta rububin tambayar yadda za su biya. Nan na ga in na ci gaba da kama bakina, ni ma ina da kamasho a abin da zai same su.

Abin da yake tallatawa shi ne yawon kwana tara a Sifaniya, birane biyar a jirgin ƙasa: Madrid, Toledo, Kurɗuba, Sebiya da Garnaɗa. A jikin tikiti za ka ga ukun ƙarshe an rubuta su Córdoba, Sevilla da Granada. Ya ce komai a dunƙule yake, da tikitin jirgi, da masauki, da takardar shiga Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi da ke Garnaɗa. Kai dai nemo bizarka ka sauka Madrid. Mu uku muka shirya, ni da maiɗakina da Kawu, ƙanin mahaifiyata. Tafiyar ma don Kawu aka yi ta. Ya fi shekara talatin yana karantar da tarihin Andalus bai taɓa taka ƙasar ba. In ka zauna da shi zai ba ka labarin yadda Abdurrahman ad-Dakhil ya aza harsashin masallacin Kurɗuba wajen shekarar 785, da yadda Garnaɗa ta fita daga hannun Banu Nasr, gidan sarautar Musulmi na ƙarshe a can, a 1492, kai ka ce a gabansa aka yi. Burinsa ɗaya ne, ya tsaya a Farfajiyar Zakuna da ke cikin Alhambra ya gani da idonsa.

Kada wani ya ɗauka irin ɗan damfarar nan ne mai rawar jiki da "biya yau ko ka rasa". Wannan yana da sanyin baki. Saƙon murya yake turowa, da sallama da gaisuwa, har ya tambayi jikin Kawu. Shi da kansa ya hana ni biyan kuɗin gaba ɗaya. "Alhaji," in ji shi, "ba na son in karɓi kuɗin da hankalinka bai kwanta ba. Ba da rabi, in sayi tikiti in turo maka, ka duba da kanka a shafin kamfanin jirgin. In ka ga daidai ne sai ka cika." Wace magana ce ta fi wannan kama da ta mai gaskiya?

Na tura rabin. Bayan kwana biyu tikiti suka iso ta WhatsApp, kowanne da sunan mai shi, lambar tarago, lambar kujera, da 'yar lambar nan ta haruffa da ƙidaya da suke kira localizador, wadda da ita ake nemo tikiti a wurin Renfe, kamfanin jirgin ƙasa na gwamnatin Sifaniya. Na duba. Suna nan daram, rana da lokaci duk daidai. Har na kira maiɗakina na nuna mata, ina jin kaina wai ni ne mai bincike kafin biya. A daren na cika masa ragowar.

To a nan dabarar take, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Tikitin na gaskiya ne a ranar da na duba. Abin da ban yi tunani ba shi ne da katin wa aka biya, kuma da imel ɗin wa aka saya. Kamfanonin jirgin ƙasa suna sayar da tikiti kala-kala: akwai mai araha wanda in ka saya ka saya ke nan, akwai kuma mai ɗan tsada da ake iya sokewa a maido da kusan duka kuɗin. Shi na biyun ya saya. Ya bari na duba, ya bari na biya, sannan ya koma ya soke su ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin ya koma katin da ya biya, wato nasa. Sanarwar sokewar ta tafi imel ɗin da ya saya da shi, wato nasa. Ni kuwa takardar da ke wayata ba abin da ya canza a jikinta, sunana na nan, kujerata na nan, sai dai gawa ce nake yawo da ita ban sani ba.

Ya bar mana biyu da rai don kada asirinsa ya tonu da wuri: kwana biyun farko a masaukin Madrid, da ɗan gajeren jirgin nan na Madrid zuwa Toledo, wanda bai fi tafiyar rabin awa da 'yan mintoci ba. Muka shiga, muka sauka lafiya, Kawu yana ta sa wa bawan Allah albarka.

A Toledo ne ƙura ta fara tashi. Tsarin da ya ba mu ya ce daga Toledo za mu hau jirgi kai tsaye zuwa Kurɗuba. Wannan tikitin kaɗai bai turo ba. Ya ce wakilinsu zai miƙa mana a tasha. Muka zo da jakunkuna muka zauna a zauren tashar. Wuri ne mai kyau ƙwarai, ginin 1919 da aka yi wa ado irin na magina Musulmin da, ga tagogi masu launi, ga hasumiyar agogo kamar ta masallaci. Na samu isasshen lokacin kallonsa, don awa biyu muka yi muna jiran wakilin da babu shi. Da na gaji na je wurin mai sayar da tikiti na tambayi jirgin Kurɗuba, sai matar ta nuna mini allon tashi. Madrid, Madrid, Madrid, tun daga sama har ƙasa. Layin Toledo reshe ne, a nan yake ƙarewa. Duk mai son zuwa kudu sai ya koma Madrid ya canza jirgi a tashar Atocha. Abin da minti biyar na duba jadawalin jiragen zai nuna mini tun ina gida, ban duba ba, saboda hoton tallan ya ja layi miƙaƙƙe daga wannan gari zuwa wancan kuma ya yi kyau a ido.

Na kira shi. Ya ɗauka, ya yi ta ba da haƙuri, wai wakilin ne ya yi haɗari, mu sayi namu zai biya mu. Wannan ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa.

Muka sayi na komawa Madrid, muka sayi na Kurɗuba a farashin ranar tafiya, wanda duk mai hawa jiragen nan masu gudu ya san ya fi na wanda ya saya tun da wuri ciwo. Mun isa da dare, masaukin da aka rubuta mana suka ce an soke ɗakunan tuntuni. Ko a nan ban gama farkawa ba. Sai ranar tafiya Sebiya, bayan an wuce da kayanmu ta na'urar bincike, ma'aikacin ƙofa ya ɗora na'urarsa a kan wayata ta ƙi karɓa. Ya sake, ta ƙi. Ya ce, "Anulado." An soke. Layi ya taru a bayanmu, Kawu na tsaye da sandarsa yana tambayata, "Me ya ce ne, ɗana?" Ban san da wane baki zan amsa ba. Muka koma gefe, na zauna a benci na bi ragowar tikitin ɗaya bayan ɗaya. Babu mai rai ko guda.

Da na waiwaya, alamun suna nan tun farko, son abin ne ya rufe mini ido. A cikin tallan akwai "sallar Juma'a a babban masallacin Kurɗuba". Ginin nan tun da sarkin Kirista Fernando na Uku ya ci garin a 1236 coci ne, har yau kuma cocin Katolika ke riƙe da shi. Ana sayen tikiti a shiga a ga ginshiƙai da mihrabi, amma ba a barin Musulmi su yi salla a ciki. Kawu ya san haka sarai, ya ma faɗa, muka ce ƙila kuskuren mai rubutu ne. Akwai kuma lokacin da ya yi mana tayin Interrail, tikitin bai-ɗaya na hawa jiragen ƙasa a Turai, wai ya fi sauƙi, alhali Interrail na mazauna Turai ne, wanda ke zaune a wajenta Eurail ake sayar masa, kuma ko wanne ka riƙe ba ya ba ka kujera a jirgin AVE, wato mai gudu na Renfe, sai ka yi rajistar kujerar daban. Sai uwa uba hanyar biya. Bai yarda a biya da kati a wani shafi ba, sai dai a tura kuɗi asusu, kuma sunan da ke kan asusun ba nasa ba ne, ba na kamfanin ba ne; ya ce na akawunsu ne. Da kati na biya, da akwai ƙofar da zan ƙwanƙwasa a banki in ce ban samu abin da na saya ba. Kuɗin da ka tura da hannunka kuwa, bankina ya gaya mini ba tare da kwana-kwana ba, dawo da shi sai wani ikon Allah. Na kai ƙara wurin 'yan sanda a Sebiya, suka rubuta, suka ba ni takarda. Ita ce ke cikin aljihun jakata har yanzu.

Abin haushin shi ne tafiyar nan ba ta buƙatar ɗan tsakiya. Layin Madrid zuwa Sebiya tun 1992 yake aiki, Kurɗuba na kan hanyarsa ƙasa da awa biyu daga Madrid, daga nan zuwa Sebiya kamar minti 45 ne, Garnaɗa ma jirgi mai gudu ya isa can tun 2019. Ban da Renfe akwai Iryo da Ouigo a kan hanyar kudu, kowanne da shafinsa da manhajarsa. Ka saya da katinka, ka sa imel ɗinka. In dole sai wani ya saya maka, to imel ɗinka za a sa, kuma kada ka duba tikiti sau ɗaya ka kwanta: duba ranar da aka turo, duba bayan ka gama biya, duba ana jibi tafiya. Masauki kuma ka rubuta musu da kanka, ta adireshin da ka nemo da kanka, ban da wanda dillalin ya ba ka.

Na Alhambra ya fi komai yi mini ciwo. Tikitin can da sunan mutum ake sayar da shi, ana duba fasfo a ƙofa, kuma shiga fadojin Banu Nasr yana da ƙayyadadden lokaci da aka buga a jiki. In ka makara ka rasa. Adadin masu shiga a rana a ƙididdige yake, shi ya sa a lokacin cunkoso yakan ƙare makonni kafin ranar. Hukumar da ke kula da wurin, Patronato de la Alhambra y Generalife, ita ke da shafin sayarwa na asali, kuma kada ka ɗauka duk wanda ya fito a saman Google shi ne, don na saman sau da yawa talla ce aka biya. Namu ko sokewa bai wahalar da kansa ya yi ba. Tsohon tikitin wani ya samu ya goge suna ya sa namu. Na tsaya a wayata har tsakar dare ina neman ko guda ɗaya, ko Kawu kaɗai ya shiga. Babu, har bayan ranar jirginmu na komawa.

Washegari muka hau unguwar Albaisin a hankali saboda gwiwarsa, muka yi azahar a masallacin da aka buɗe can a 2003, wanda lambunsa ke fuskantar Alhambra ta ƙetaren kwari. Kawu ya daɗe a tsaye yana kallon jajayen ganuwar. Ya nuna mini hasumiya mafi girma ya ce ita ce Komares, zakunan kuma suna can bayanta kaɗan. Na ce, "Kawu, ka yafe mini." Ya ce in bar maganar, in ɗauke shi hoto.

Tallan da na gani shekaranjiya har yanzu yana ɗauke da layin nan miƙaƙƙe daga Toledo zuwa Kurɗuba, da alkawarin Juma'a a masallacin, da "biya rabi ka duba da kanka". Na kai rahotonsa ga Facebook. Zuwa safiyar yau yana nan bai sauka ba.