Sagewar yatsu wajen kitso: sashen gashi ko masu OT?

'Yar'uwa mai kitso, kin ce babban yatsa da manuniya da na tsakiya suna sage miki, har su tashe ki cikin dare, kuma a asibiti an ambata miki sashen gashi (wato fisiyo, masu gasa jiki da motsa gaɓoɓi) da kuma masu OT (masu taimaka wa majiyyaci ya iya ci gaba da sana'arsa da ayyukan yau da kullum). To wanne za ki nufa?

Yadda kika kwatanta ya yi kama da matsewar jijiya a wuyan hannu. Akwai wata 'yar kafa a wurin, inda jijiyar ji ta bi tare da jijiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu. In wurin ya kumbura sai ta matsu, shi ya sa ƙaramin yatsa yake tsira, don jijiyarsa daban ce. Amma likita ne zai tabbatar, domin ciwon suga da juna biyu ma suna kawo haka.

Masu gashi gaɓar suke dubawa. Su rage zafi, su koya miki motsa jijiyar, su duba ko daga wuya ne matsalar ta taso. Sun fi sauƙin samu, kusan duk babban asibiti akwai su.

Mai OT kuwa sana'ar taki yake bi. Zai ce ki riƙe tsinken kitso ya gani, ya tambayi inda kike zaunar da mai kai. In a ƙasa take, ke kina kan kujera, wuni za ki yi wuyan hannu a lanƙwashe, kin ga ai ciwon ba zai bar ki ba. Yakan sa a naɗe ƙotar tsinke ta yi kauri, a riƙa hutawa tsakanin layuka. Sannan ya tausasa wata roba da ruwan zafi, ya kwantar da ita daidai hannunki ta daskare, ki riƙa kwana da ita don wuyan hannun ya zauna a miƙe.

Ni dai a irin naki OT zan zaɓa, tunda aikin ne ke tayar da ciwon. Sai dai ba su da yawa a Najeriya. In ba ki samu ba, je wa masu gashi da tsinkenki a jaka, ki kuma roƙi abin ɗaurin dare.

In kuwa tsokar gindin babban yatsa ta fara lotsawa, ko sagewar ta daina sakin ki ko da rana, koma wurin likitan ƙashi ba da jinkiri ba, ƙila sai an yi 'yar tiyata an buɗe wa jijiyar hanya.