Takaful na gobara da sata ga mai shago: abin da ake biya da abin da ba a biya

Duk wanda ya daɗe yana kasuwanci a Arewa ya san yadda al'amari yake tafiya bayan wuta ta ci kasuwa. Manya su zo jaje, a kafa kwamiti, a buɗe asusun tallafi, sannan kowa ya koma harkarsa a bar mai shago da toka da bashin dila. An ga haka bayan gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna a dare guda, an sake gani a babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina a 2021, da kuma Monday Market ta Maiduguri a watan Fabrairu na 2023. Gudummawar jama'a abin godiya ce, amma ba ta mayar wa mutum da jarinsa, kuma ba shi da hurumin neman ta a matsayin haƙƙi. Wannan ne ya sa na shiga tsarin takaful, wato inshorar Musulunci, na gobara da sata domin shagona na shadda da yadi, kuma na daɗe a cikinsa har na kai ga neman diyya sau ɗaya. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin sharuɗɗan da zan yi magana a kansu kusan iri ɗaya ne a ko'ina, kuma abin da ya dame ni shi ne mai karatu ya san abin da yake saye kafin ya sa hannu.

Tsarin kansa ba baƙo ba ne a duniyar Musulmi. A Sudan aka kafa kamfanin farko na irinsa a 1979, Malesiya ta yi masa doka ta musamman a 1984, a Najeriya kuwa hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, daga baya ta ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi, wasu kamfanonin suka biyo baya. Mai shiga yana zuba kuɗinsa ne a matsayin gudummawa cikin asusun haɗaka, kamfani ya ɗauki kasonsa na wakilci, a juya sauran a harkokin da babu kuɗin ruwa a cikinsu, wanda asara ta faɗa wa a biya shi daga asusun. Kowane kamfani yana da majalisar malamai masu duba ayyukansa. Ga yawancin 'yan kasuwarmu wannan shi ne abin da ya cire shakku, domin abin da ya hana iyayenmu kusantar inshora ba tsadarta ba ce, tsoron riba ne da kamannin caca. Ta wannan fuska ban ga abin zargi ba. Da na nemi ganin takardar amincewar malaman an nuna mini ita ba tare da jan rai ba, kuma an faɗa mini kason da kamfani yake ɗauka kafin in biya ko kwabo.

Shiga ba ta da wahala. An ba ni takardar cikewa, an nemi katin shaida da takardar hayar shago, sannan aka turo jami'i ya zo ya duba wurin. Ziyarar wannan jami'in ita ce abu na farko da ya sa na ɗauki kamfanin da muhimmanci. Bai tsaya a bakin ƙofa yana kallon kantoci ba. Ya shiga bayan tulin yadi ya haska fitilar wayarsa a kan wayoyin lantarki, ya ga inda mai gyara ya haɗa guda biyu ya naɗe su da leda, ya ce sai an canza. Ya ɗaga tukunyar kashe gobara ya karanta ranar da wa'adinta ya ƙare, wadda ni ban taɓa lura akwai ta ba. Ya ga jarkar fetur ta janareta a ƙarƙashin teburin awo, ya ce ko dai ta fita daga shagon ko kuma a rubuta a takarda cewa ba za a biya ba idan wuta ta tashi ta dalilinta. A lokacin na ji kamar ana yi mini katsalandan, amma gaskiya ita ce yawancin gobarar kasuwanninmu daga irin waɗannan wurare take tashi, musamman da hunturu, lokacin da aka kawo wuta da ƙarfi tsakar dare babu kowa a layi. Ko da a ce ban taɓa karɓar diyya ba, wannan dubawar kaɗai ta amfane ni.

Kuɗin da ake biya a shekara ya danganta da darajar kayan da mutum ya bayyana, da irin ginin, da cunkoson kasuwar. Shago na bulo mai rufin kankare ba zai biya daidai da rumfar katako da langa-langa ba, wasu rumfunan ma ba a karɓarsu gaba ɗaya. Abin da aka yanka mini bai kai ribar da nake samu a mako mai kyau ɗaya na azumi ba, saboda haka ban ga tsada a ciki ba. Sai dai a sani cewa a dokar inshora ta Najeriya babu kariya sai an biya. Alkawarin cewa za a kawo kuɗin ranar Juma'a, wanda shi ne ginshiƙin mu'amalarmu a kasuwa, ba ya aiki a nan, kuma idan wa'adin shekara ya cika da daddare wuta ta tashi da asuba ba a sabunta ba, babu wanda zai saurari uzuri.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne takardar yarjejeniyar. Shafuka ne masu yawa da Turancin lauyoyi da ƙananan haruffa, kuma wakilin da ya kawo mini ita ya fi ba da ƙarfi wajen tabbatar mini da halaccin tsarin fiye da bayyana mini iyakokinsa. Kamfanin da ya zo neman 'yan kasuwar Kwari da Singa da Kurmi ya kamata ya buga muhimman sharuɗɗansa da Hausa a shafi ɗaya, da boko da ajami in ya yiwu. Rashin yin hakan ba ƙaramin sakaci ba ne, domin a cikin waɗannan shafukan ne abubuwan da ke raba mai shago da diyyarsa suke kwance.

Mafi nauyinsu shi ne sharaɗin bayyana darajar kaya. Da yawa daga cikinmu muna rage adadin da muke faɗa, wani don ya biya kaɗan, wani don al'adarmu ta rashin son a san abin da ke hannun mutum. Sakamakon ba shi ne abin da ake zato ba. A misali, mutum yana da kaya na naira miliyan 20, ya rubuta miliyan 10, wuta ta ci masa na miliyan 6. Zai ɗauka tunda asararsa ba ta kai miliyan 10 ba za a biya shi duka. Ba haka ba ne. Za a ce rabin kayansa ya yi wa rajista, saboda haka rabin asarar za a ɗauka, a ba shi miliyan 3, sauran ya ɗauke wa kansa. Idan aka duba da idon adalci hukuncin yana da hujja, tunda asusun na jama'a ne kuma wanda ya zuba rabin abin da ya kamata bai cancanci cikakken kaso ba. Amma wannan sharaɗi yana kama har wanda bai yi niyyar ɓoye komai ba. Tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a 2024, kuma shaddar da ke kan kanta ta ninka kuɗi ba tare da an ƙara ko turmi ɗaya ba. Wanda ya bar adadinsa na da yana nan a takarda ya zama mai rabin kariya bai sani ba. Ga kuma yanayin sana'armu, inda kayan shago a tsakiyar azumi kan ninka na watan Muharram. Kamfanin yana karɓar ƙarin adadi a tsakiyar shekara idan mutum ya je ya biya bambancin, amma ba ya tunatar da kowa, kuma a ganina wannan aiki ne da saƙon waya guda ɗaya kafin azumi zai wadatar.

Akwai kuma abubuwan da mai shago yake ɗauka suna ciki alhali ba sa ciki sai an ambace su. Tsabar kuɗin da aka bari a aljihun tebur ba kaya ba ne a wurinsu, tana da tata yarjejeniyar daban. Siton da ke wani layi ko a gida ba ya shiga idan ba a rubuta adireshinsa ba. Kayan amana, da waɗanda aka karɓo daga dila a kan sai an sayar a biya, dole ne a bayyana su tun farko, wanda kuwa ya san kasuwar yadi ya san cewa wani lokaci su ne rabin abin da ke shago. Ambaliya da guguwa da tarzoma suna zuwa ne a matsayin ƙari a kan gobara, da ɗan ƙarin kuɗi. Na karɓi wannan ƙarin, kuma ina ba kowa shawarar ya karɓa, domin ruwan da ya shiga shagunan Kantin Kwari a damunar 2022 da wanda ya mamaye Maiduguri bayan fashewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024 sun nuna cewa ruwa yana talauta ɗan kasuwa kamar yadda wuta take yi. Ɓangaren sata ma yana da iyaka: sai an ga alamar fasa ƙofa ko rufi ko bango. Abin da yaron shago ya zare a hankali, ko wanda mai ciniki ya soke a riga, ba ya cikin lissafi.

Diyyar da na nema ta sata ce. Ɓarayi sun ɓanɓare kwanon rufi ta baya suka fasa silin, suka kwashe shadda mai tsada suka bar yadin makaranta. Na kira kamfani da safiyar ranar, aka ce kada in gyara komai kuma kada in share, in ɗauki hotuna, in kai rahoto wurin 'yan sanda in karɓo takardarsu. Daga baya aka turo mai ƙiyasta asara, wanda ba ma'aikacin kamfanin ba ne, daga wani ofishi mai zaman kansa yake. Ya zauna a kan benci da littafin shige da ficen kayana a cinyarsa, yana bin layi da bayan biro, yana gwada abin da na rubuta da rasiɗan dila da saƙonnin banki da ke wayata, sannan muka ƙirga abin da ya rage a kanta turmi bayan turmi. Duk abin da ke da rasiɗi ko shaidar tura kuɗi ya amince da shi nan take. Wasu turame da na saya hannu da hannu a wurin wani fatake, babu takarda, ya ajiye su gefe, kuma a ƙarshe ba su shiga ba. An yi lissafin ne a kan kuɗin da na sayo kayan, ba kuɗin da zan sayar ba, aka kuma cire wani kaso na farko wanda yarjejeniya ta ce mai shago ne yake ɗauka a kowace asara.

An biya ni, kuma abin da aka biya ya yi daidai da abin da takarda ta ce. Ban ga alamar neman hanyar zillewa ba, babu kuma wanda ya nemi na goro. Abin da ya ɓata mini rai shi ne jinkiri da shiru. Tsakanin zuwan mai ƙiyasi da shigar kuɗi an ɗauki makonni, kuma a tsawon lokacin ni ne kullum mai kira, kowane kira kuma sai na sake ba da labari daga farko ga sabuwar murya. Ɗan kasuwar da aka yi wa sata yana da dila da ke jiransa da masu ɗinki da suka saba saye a wurinsa, kowane mako na jira ciniki ne da ya koma shagon maƙwabci. Wanda ya ga an wuce gona da iri yana da damar kai ƙara sashen karɓar koke na NAICOM, ko da yake ni ban kai ga haka ba.

Game da rarar da ake rabawa, wadda wakilai suke yawan ambata, gaskiya ce ana raba ta ga waɗanda ba su karɓi diyya ba idan asusun ya yi saura a ƙarshen shekara. Na samu a wata shekarar, ɗan abu ne, kuma darajarsa a wurina ita ce shaidar cewa asusun namu ne kamar yadda aka faɗa. Kada wani ya shiga da tunanin wata ajiya yake yi da za ta dawo masa.

Ina ci gaba da sabuntawa, kuma ina ganin tsarin ya dace da duk mai shagon da yake da ginannen wuri, yake rubuta kayansa, yake karɓar rasiɗi. Wanda lissafinsa duka a ka yake, kamar yadda da yawa daga cikin dattawanmu masu amana suke yi, zai biya kuɗinsa ya kuma sha wahalar tabbatar da asararsa ranar da ta zo, saboda haka sai ya fara da littafi kafin ya je ofishin kamfani. Littafin ma kada ya kwana a shago, domin wutar da za ta ci kaya ba za ta bar shi ba. Ni nakan ɗauki hoton shafukan nawa da na rasiɗai duk ƙarshen mako in tura wa ƙanena, kwafin yarjejeniyar kuma yana gida.