Na je garin hutu, na iske garin da kansa ya tafi hutu

Tun da na dawo Katsina ake tsare ni a shago da tambaya: "Alhaji, ya Turai? An ce har bakin ruwa kuka je shan iska." To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji, musamman masu 'ya'ya da ƙanne da ke karatu a Hangari, don na san wata rana za a nuna masu irin hoton da aka nuna mani.

Ƙanena ke karatu a Budapest, na je duba shi cikin watan Disamba. Kafin in tashi, yaron da ke yi mana tikiti a nan gari ya buɗe waya ya nuna mani Siofok, wani gari a bakin tafkin Balaton. Ruwa shar, laimomi a jere, jiragen ruwa, jama'a maƙil kamar Ƙofar Soro ranar hawan sallah. Ya ce masaukin ma an zabge kusan rabin kuɗi. Ɗan kasuwa da jin ragi, nan take na biya kwana uku. Ko tambayar dalilin arahar ban yi ba.

Daga tashar Deli muka hau jirgin ƙasa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi. Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna muka sauka, wai har an yi magariba. Muka bi titin bakin ruwa, wanda a hoto babu masaka tsinke, muka iske kowane shago a garƙame, kujeru an ɗora wata kan wata an ɗaure da sarƙa an rufe da tamfol. Ban da ƙarar tayar akwatina ba abin da ake ji. Ƙanena ya ce, "Yaya, ai na gaya maka garin nan na lokacin zafi ne, daga Yuni zuwa Agusta yake ci." Ya kuwa gaya mani, a saƙon murya na minti huɗu da ban saurara har ƙarshe ba. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Amma abin da ya faru a masaukin ba laifina ba ne. Babu kowa a gidan. Makulli na cikin wani ɗan akwati a jikin ƙofa, sai ka danna lamba. Muka shiga, wallahi cikin ɗakin ya fi waje sanyi. Na dafa ƙarfen ɗumama ɗaki da ke jikin bango, na janye hannu da sauri, kamar na taɓa ƙanƙara. Muka murɗa duk abin da ke murɗuwa, shiru. Sau bakwai muka kira mai gidan kafin ta ɗauka, tsohuwa ce, ba ta jin Turanci, shi kuma ƙanena yarensu na sayen burodi kawai ya iya. Da ƙyar muka gane cewa tukunyar da ke dafa ruwan ɗumama gidan a kashe take tun Satumba, ita kuma a wani gari take zaune, sai gobe. Gobe! Kin karɓi kuɗin mutum tun mako uku da suka wuce, kin san ranar zuwansa, amma ki bar mashi gida kamar firji?

Mu nan in hunturu ya matsa, ka hura gawayi a kasko, ka sha kunu mai zafi, ko ka leƙa wurin mai shayi a yi hira har jiki ya saki. Can babu kasko, babu mai shayi, babu maƙwabcin da za ka buga wa ƙofa. Alwalar isha'i da ruwan famfon nan, sai da yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa. Na sa safa uku, na ɗora babbar riga a kan rigar sanyi, na naɗe kai da tawul, muka riƙa tafasa ruwa a buta muna ɗurawa a kwalba muna rungumewa. Cikin wannan hali Hajiya ta kira ta bidiyo. Ta kalle ni ta ce, "Alhaji, hutun ne haka, ko tsare ku aka yi?" Har yau in ta tuna sai ta yi dariya har da hawaye. Abincin daren kuwa burodi ne da kifin gwangwani da muka saya a wani kanti kusa da hasumiyar ruwan tsakiyar gari, wadda aka gina a 1912. Allah ya sa akwai yaji a jakata.

Gaskiya dai a faɗe ta, da safe tsohuwar ta zo da mijinta, ya kunna tukunyar, kafin awa biyu ɗaki ya yi ɗumi. Ta kuma kawo mana miyar kifi jawur da barkononsu, tana ta dafa ƙirji alamar ban haƙuri. Sai da ƙanena ya tabbatar babu man alade a ciki sannan na sa cokali. Miyar ta yi, ba zan ci amanarta ba.

Tafkin kuma, tsakani da Allah, ban taɓa ganin irinsa ba. Na san dam ɗin Zobe, na san Ajiwa, amma wannan tsawonsa kilomita 77 ne, ka duba yamma ba ka hango ƙarshensa. Bakin ruwan ya yi ɓawon ƙanƙara siriri, ka jefa tsakuwa ta yi ƙara tana zamewa. Ga wasu fararen tsuntsaye masu dogon wuya, sun fi dinya girma, suna biyo mu don gutsuren burodi. Rana ta biyu muka je Szantod muka hau jirgin fito, wanda shi bai tsayawa ko da sanyi, cikin kamar minti goma ya tsallakar da mu Tihany. Muka hau tudun da tsohuwar majami'arsu take, wadda aka kafa tun 1055, muka tsaya muna kallon ruwa ba mai ture mu. A nan har na ce wa ƙanena makin tauraro huɗu zan ba masu masaukin, sanyin daren farko na yafe.

Ashe da sauran magana. Ranar tafiya tsohuwar ta miƙo takarda. Harajin baƙi, kowane mutum kowane dare, kuma kuɗi hannu, wannan ban yi musu ba tunda doka ce. A ƙasa kuma ga kuɗin ɗumama ɗaki na lokacin sanyi, dare uku. Uku! Har da daren da na kwana rungume da kwalba kamar mai jego. Na nuna mata da yatsa, ta nuna mani ƙananan rubutu a waya, ta ɗaga kafaɗa. Jirginmu saura minti ashirin, na ƙirga forint, kuɗin ƙasarsu, na ba ta, raina a ɓace. Miyar kifin ma sai na ji kamar kuɗina aka sayo ta da shi. Tauraro biyu na ba su, kuma da Tihany ba ta shiga lissafi ba, ɗaya ne.

Da na dawo na wuce wurin yaron tikiti tun kafin in buɗe shago. Na ajiye mashi wayata da hoton kujerun da aka ɗaure da sarƙa, na ce ya haɗa da wanda ya nuna mani. Ya duba, ya ƙara dubawa, ya sosa ƙeya ya ce, "Amma Alhaji, ai ruwan yana nan."