Yadda Trello ya taimake ni na kafa Zabbix a rassa uku

Wata huɗu aikin nan yana kwance a littafina da layi ɗaya tak: kafa Zabbix. Shi Zabbix tsari ne mai sa ido a kan kwamfutoci da na'urorin intanet, ya turo saƙo idan wata ta tsaya. Kullum Alhaji, maigidana a wurin aiki, ya tambaya sai in ce ana kai, ranka ya daɗe. Alhali ko ta ina zan fara ban sani ba. Muna da ofis a titin Zoo Road, shago a Kantin Kwari, da sito a Sharaɗa, kuma ba ma sanin intanet ya yanke a wani reshe sai an bugo waya ana faɗa.

Wani abokin aiki ne ya ce in gwada Trello, manhajar allo da katuna da kamfanin Atlassian ya saya a 2017. Na kyautar na ɗauka, ya kuma ishe ni. Na ja layi huɗu: jira, ana yi, gwaji, an gama.

Katunana na farko shirme ne. Na rubuta "sa ido a kan Kwari", kati ya yi sati biyu bai motsa ba. Da na farfasa shi sai ga abin da ke ciki: lissafa na'urorin shagon, buɗe ƙofa mai lamba 10050 domin saba, wato babbar kwamfutar da Zabbix ke kai, ta iya tambayar kowace kwamfuta lafiyarta, kunna SNMP (hanyar da na'ura ke ba da rahoton halinta) a rauta mai raba intanet, sannan in zare wayar intanet da hannuna in ga ko saƙo zai shigo Telegram. Daga nan na yanke wa kaina doka, katin da ba zai ƙare a yini ɗaya ba sai an sake raba shi.

Wannan zare wayar ce ta fi yi mini rana. Ranar da na gwada a Sharaɗa, saƙonni suka yi ta shigowa kamar ruwan Agusta, kowace kwamfuta na kukan kanta, alhali rauta ɗaya ce ta mutu. Laifina ne, ban ɗaure su a ƙarƙashin rautar ba yadda in ta mutu saƙonta kaɗai zai zo, kuma Zabbix na da wannan tsarin. Na buɗe wa gyaran katinsa daban. Haka ma tazarar da ke tsakanin ɗauke wuta da tashin janareta, sai da na koya masa ya yi haƙurin minti biyar kafin ya ta da ni cikin dare.

Allon ba zai yi maka tunani ba. Wane aiki ne ke jiran wane, ni nake rubutawa a saman kati. Mai babban aiki da ma'aikata da yawa ƙila ya nemi abin da ya fi wannan.

Alhaji kuwa ya daina kirana. Na sa masa manhajar a waya, bayan la'asar yakan leƙa ya ƙirga katunan da suka koma layin ƙarshe. Saura guda uku, duk na Kwari ne, suna jiran ranar da kasuwa ba cinkoso in hau tsani.